Ƙuna ce ta kawo ta: nazarin lamarin wata yarinya mai farfaɗiya a ƙauyen Jigawa

Yarinyar da wannan nazari ya shafa tana da shekara 14 lokacin da aka fara kawo ta ƙaramin asibitin da nake aiki, cikin sanyin ƙarshen 2021. Ƙauyensu na bakin kogin Haɗeja ne, a ƙasar Ringim, gari ne na manoman shinkafa da masunta. Ba zan kama sunanta ko sunan garin ba. Mahaifinta manomi ne mai mata biyu, ita ce 'yar fari a ɗakin uwarta. Abin da aka rubuta a katinta ranar farko shi ne ƙuna. Hannun hagu ne, daga wuyan hannu har yatsu. Man suyar awara ya cinye shi kwana huɗu kafin nan, an shafa masa ɗanyen ƙwai da wani garin magani, ya fara ruwa yana wari.

Ƙuna ba baƙuwa ba ce a wurinmu, balle da hunturu. Amma mai lafiya in hannunsa ya taɓa abu mai zafi, fizge shi yake yi tun kafin ya san ya yi, don laka ce ke ba da wannan umarni ba ta jiran ƙwaƙwalwa. Wannan hannu kuwa zama ya yi cikin kasko. Ƙunar ta yi zurfi, iyakarta ta zagaye wuyan hannu daidai inda man ya tsaya. Ga tsohon tabo a ƙaurin dama, ga wani a goshi, haƙorin gaba ɗaya ya karye, gefen harshe duk tabon cizo. Duk wanda ya ga waɗannan a jiki ɗaya ya san ba santsi ne ke kayar da mai shi ba.

A gaban kishiya da maƙwabciyar da suka rako su, uwar ta ce tsautsayi ne. Da aka rage daga ni sai ita na ce, "Inna, tun yaushe take faɗuwa?" Ta daɗe tana kallon ƙasa, sannan ta ce, "Malama, don girman Allah kada a ji. Ciwon nan ne da ba a faɗa." Daga nan ta ba da tarihin shekara goma tiryan-tiryan, ba ta tsallake damina ko ɗaya ba. Duk abin da likita ke buƙata don gane ciwon yana bakinta tun tuni, ba a dai taɓa zaunar da ita an tambaye ta ba.

Yadda ciwon ya faro

Da daminar 2011, yarinyar na shekara huɗu, zazzaɓi ya kama ta. Kwana biyu ana ba ta maganin kemis, a rana ta uku ta fara jijjiga, idanu suka kakkafe, ta daina gane kowa. Tsofaffi suka ce tsuntsu ne ya buge ta, aka yi hayaƙi, aka yi tofi. Sai da ta kwana ta wuni a haka aka ɗauke ta zuwa babban asibiti. Can aka ce maleriya ce ta hau mata kai, aka ƙara mata jini, aka yi ta allurai. Ta yi kwanaki ba ta farfaɗo ba. Da ta tashi sai da ta sake koyon tafiya, magana ma da ƙyar, amma cikin 'yan watanni ta koma wasa da sa'o'inta, kowa ya ce an rabu da ciwo.

Wajen shekara bakwai uwar ta fara lura da wani abu. Tana cikin shara ko cin abinci sai ta tsaya cak, ta ƙura ido wuri ɗaya, tana tauna baki ba komai a ciki, tana murza bakin zaninta. A kira ta ba za ta amsa ba. Bayan minti ɗaya ko biyu sai ta dawo, ta yi ta waige-waige ba ta san me ya faru ba. A makaranta ta sha bulala a kan wannan, ana cewa taurin kai ne. Ba wanda ya kawo farfaɗiya a ransa, don a wurin mutanenmu sai an faɗi ana kumfa ake kiran ciwon haka.

Faɗuwar farko ta zo tana shekara goma, a layin famfo, a gaban matan unguwa. Ta yi ƙara, ta sandare, ta faɗi, jiki ya ɗauki jijjiga, kumfa ta fito, fitsari ya ƙwace mata. Daga nan abin ya riƙa zuwa sau biyu ko uku a wata, ya kuma fi yawa in ta kwana ba ta yi barci sosai ba, ko tana zazzaɓi, daga baya kuma in al'adarta ta kusa.

Ita kanta yarinyar ba ta yi magana ba sai da aka ɗauki lokaci ana wankin hannun. Wata rana ina naɗa mata bandeji ta ce a hankali, "Anti, ina sanin zai zo. Wani abu ne ke tasowa daga cikina ya hau ƙirji, sai tsoro ya kama ni ba dalili, sai in ji warin abu yana ƙonewa. Daga nan ban san komai ba." Ta taɓa faɗa wa kakarta haka, aka ce ai shi ke nan, alamar isowar mutanen ɓoye ce, ta daina faɗa. A wurin ma'aikacin lafiya kuwa babu maganar da ta fi wannan daraja a duk tarihin, domin ita ke nuna daga wane ɓangaren ƙwaƙwalwa abin ke tashi.

Abin da aka yi a gida

Ba na cikin masu cewa iyaye irin waɗannan sakaci suka yi. Gidan nan sun yi ɗawainiya iyakar ƙarfinsu. An yi ruƙiyya, an sha rubutu, an yi turare, an je wurin masu maganin gargajiya har ƙasar Gumel. Akuya biyu da buhunan shinkafa sun tafi a wannan nema. Abin da ba su samu ba shi ne mai yi musu bayani.

Duk lokacin da ta faɗi, sai maza su danne ta, a tura cokali tsakanin haƙora wai kada ta haɗiye harshe. Cokalin ne ya karya haƙorin. Mutum ba ya haɗiye harshensa, a manne yake da ƙasan baki. Sai a murza mata albasa a hanci, a kwara mata ruwa, wani lokaci a ɗura mata rubutu tana sume. Masu kallo kuma su ja da baya, don an yi imani duk wanda yawun ya taɓa ya ɗauka. Aka ware mata kwano da moɗa da tabarma. Kishiyar uwar ta hana 'ya'yanta sa hannu a kwano ɗaya da ita. Aka cire ta daga firamare tana aji huɗu, Islamiyya ma ta daina zuwa. Tunda ba ta fita talla, sai aka bar mata aikin cikin gida, aikin cikin gida a ƙauye kuwa murhu ne. Ɓoye ta da aka yi shi ya zaunar da ita a gaban wuta.

Akwai kuma wani abu da ya kamata ma'aikatan lafiya su riƙa tambaya. Uban ya ce sun gwada maganin asibiti bai yi ba. Da aka bi diddigi, wani mai kemis ne ranar kasuwa ya ba shi fenobabiton, 'yan ƙwayoyi a ƙulle cikin leda. In ta faɗi sai a ba ta kwana biyu ko uku, in ta warware a ajiye. Fenobabiton magani ne na gaske, tun 1912 ake amfani da shi, yana da araha, yana kuma aiki. Amma ba a shansa haka. Shan sa a yanke kwatsam na iya tayar da ciwon ma fiye da da. A wurin uban, an jarraba asibiti an ga iyakarsa. A gaskiya ba a taɓa yi mata magani ba ko na wata ɗaya.

Ranar da muka auna ta, nauyinta bai kai na shekarunta ba, idonta fari fat, gwaji ya nuna jininta ya yi ƙasa. Mai cin abinci ita kaɗai a bayan ɗaki ba wanda ya san ko ta ci ko ba ta ci ba. Ba ta haɗa ido da mutum. Uwar ta ce ta taɓa jin ta tana cewa da ma ta mutu kowa ya huta. Faɗuwar kanta ba ta wuce minti biyu ko uku. Ƙunar, da haƙorin, da ramar, da karatun da ya tsaya, da ciwon damuwar, duk a sauran kwanakin wata suka same ta, kwanakin da take tsaye da ƙafafunta.

Abin da ke faruwa a ƙwaƙwalwa

Ƙwaƙwalwar mutum na ɗauke da ƙwayoyin jijiya kimanin biliyan 86, suna aika wa juna saƙo da ɗan ƙaramin lantarki da sinadarai, kowanne a lokacinsa. Tunani, motsi, ji, gani, numfashi, duk ta wannan hanya suke gudana. In wani gungu na waɗannan ƙwayoyi ya saki lantarki gaba ɗaya fiye da ƙima, aikin da wurin ke yi sai ya rikice na ɗan lokaci. Abin da za a gani a jiki ya danganta da wurin. In ɓangaren da ke motsa hannu ne, hannu kaɗai zai yi ta rawa. In ɓangaren gefen kai ne, saitin kunne, inda ake sarrafa wari da tsoro da ajiyar tunani, sai a sami irin abin da yarinyar nan ta kwatanta: tasowar abu daga ciki, fargaba, warin da ba wanda ke ji sai ita, sannan ƙura ido da taunar baki. In lantarkin ya bazu ya kama ɓangarori biyu na ƙwaƙwalwa, shi ne a faɗi a sandare a yi jijjiga. Wato tsayawar da ake dukanta a kai tana ƙarama da faɗuwar layin famfo ciwo ɗaya ne, girmansa ne ya bambanta.

Ba kowace jijjiga ce farfaɗiya ba. Yaro ƙarami kan yi jijjiga saboda zafin zazzaɓi, mai ciki kan yi ta saboda hawan jini, mai ciwon suga in sugan ya faɗi. Ana cewa farfaɗiya ce in abin ya faru aƙalla sau biyu ba tare da irin waɗannan dalilai ba, da tazarar fiye da awa 24 tsakani.

A lamarinta, zargi mafi ƙarfi ya faɗa kan zazzaɓin 2011. Maleriyar da ta hau kai tana toshe ƙananan hanyoyin jini na ƙwaƙwalwa, doguwar jijjiga kuma na ƙara ɓarna. Yaro zai tashi, amma wani wuri ya yi tabo, tabon kuma bayan watanni ko shekaru ya zama inda lantarkin ke tashi. Sanƙarau na yin haka, doguwar naƙuda da jariri ya sha wahala na yin haka, buguwar kai a hatsarin babur ma haka. Duk abubuwa ne da ke tare da mu a wannan yanki. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kimanin mutum miliyan 50 ne ke da farfaɗiya a duniya, kusan kashi 80 cikin 100 a ƙasashe matalauta da masu matsakaicin ƙarfi, kuma wajen kashi ɗaya cikin huɗu ana iya kauce masa. Maganin rigakafin maleriya da yanzu ake bi gida-gida ana ba yara 'yan wata 3 zuwa 59 duk wata da damina, a 2012 hukumar ta ba da shawarar fara shi. Yarinyar nan ta kwanta shekara ɗaya kafin nan. Duk lokacin da na ga uwa ta karɓi wannan magani ta ba da na ranar farko ta watsar da sauran, ita nake tunawa.

Ciwon ba ya bin yawu, ba ya bin numfashi, ba ya bin kwano. Hukumar ta kuma ce har kashi 70 cikin 100 na masu shi za su iya rayuwa ba faɗuwa in an gane ciwon an ba su maganin da ya dace, amma a ƙasashe matalauta uku cikin huɗu ba sa samu.

Tafiya Kano da fara magani

Shawo kan uban ya fi wankin hannun wuya. Abin da ya taimaka shi ne liman. Na je na gaishe shi na ce, "Allah ya gafarta Malam, akwai maganar da in daga bakina ta fito za a ce 'yar boko ce." Ban yi tsammanin abin zai zo da sauƙi haka ba. Shi da kansa ya kawo hadisin Ibnu Abbas na matar da ta zo wurin Manzon Allah (SAW) ta ce tana farfaɗiya, tsiraicinta na bayyana, aka yi mata bushara da Aljanna in ta yi haƙuri, ta kuma roƙi a yi mata addu'a kada ta riƙa yayewa, aka yi mata. Ya ce babu inda aka ce a guje ta ko a ware mata ƙwarya. Ya ƙara da cewa malamai irin su Ibnul Ƙayyim tun tuni sun ambaci nau'in farfaɗiya da ke tasowa daga jiki, kuma Allah bai saukar da cuta ba sai da ya saukar da maganinta. Ya kira uban ya ce masa a ci gaba da addu'a, a kuma kai ta asibiti. Ba mu ce su bar ruƙiyya ba. Abu biyu muka roƙa: kada a sa mata komai a baki tana sume, kada a tsayar da ƙwaya saboda ana wani magani.

Kafin tafiyar, yayanta na ɗakin kishiya ya ɗauki faɗuwa ɗaya a bidiyo da wayarsa, tun daga ƙura idon har ƙarshe. Da farko uwar ta ƙi, ta ce tonon asiri ne. Amma likita ba ya ganin ciwon a ofis, mara lafiya lafiya lau take zama a gabansa. A Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, wannan bidiyo da bayanin uwar da na yarinyar su ne ginshiƙin gane ciwon. An yi mata gwajin lantarkin ƙwaƙwalwa da ake kira EEG, ya goyi bayan abin da aka zata. Yana da kyau a sani cewa gwajin kan fito ba matsala ga mutumin da tabbas yana da ciwon, don haka bai fi tarihi ba.

Aka ɗora ta kan kabamazafin, wanda a kemis aka fi sani da Tegretol. Yana dacewa da irin farfaɗiyar da ke tashi daga wuri ɗaya, amma akwai nau'o'in da yake ƙara tsanantawa, shi ya sa ba a sayensa don an ga ya yi wa ɗan maƙwabta aiki. An fara da kaɗan ana ƙarawa sannu a hankali. An gargaɗe su cewa za ta ji jiri da barci da farko, hakan na wucewa, amma in ƙuraje suka feso mata ko baki da ido suka yi gyambo, a garzayo da ita ranar. An haɗa mata da maganin ƙarin jini.

Uban ya tambaya, "To Malama, kwana nawa za ta sha ta warke?" Na ce, "Baba, kamar ban ruwan shinkafar rani ne. Ba ranar da ta yi yaushi ake kunna inji ba. Kullum sai ruwa ya zauna a fangali, ranar da ya janye ƙasa ta tsage." Ya gyaɗa kai, ya ce wannan ya gane. Maganin ba ya goge tabon, hana lantarkin tashi yake yi muddin yana cikin jini.

Sauran tsarin a gida aka yi shi. Uwar ba ta karatun boko, sai ta riƙa jan layi da gawayi a bangon ɗaki, dogo in faɗuwa ce, gajere in ƙura ido ne. Aka ɗaura shan ƙwayar da sallar asuba da ta isha. Aka raba yarinyar da murhu da rijiya da bakin kogi, wanka kuma ba ta sa sakata. Aka koya mata ta zauna ƙasa nesa da wuta da zarar ta ji abin na tasowa. Aka tara mutanen gida aka nuna musu abin yi: a kawar da abin da zai ji mata ciwo, a sa zani a ƙarƙashin kanta, a rufe mata jiki, kada a danne ta, in jijjigar ta lafa a kwantar da ita a gefe yawu ya zuba, in ta wuce minti biyar ko ta maimaitu ba ta farfaɗo ba a nemi abin hawa.

Layukan bango suka yi ta raguwa. Daga watan Afrilun 2022 har zuwa damina ba a ƙara jan dogo ba. Ta yi ƙiba, ta koma Islamiyya. Kakar da ta fi kowa tsananin raba kwano ita ta fara kiranta su ci tare.

Ambaliya

A daminar 2022 ruwa ya ci garuruwa da yawa a Jigawa, ƙauyensu na ciki. Ɗakin uwar ya rushe, suka koma zama a ajin firamare tare da wasu gidaje. Ƙwayoyin da suka rage suna cikin leda a ƙarƙashin katifa, suka jiƙe suka narke. Wannan magani ko danshi kawai ya sha ƙarfinsa na raguwa. Hanya ta yanke, kemis ɗin da ke kusa ba su da shi. Ga rashin barci, ga sauro, ga fargaba. Kusan mako ɗaya ba magani, sai ta faɗi da daddare, jijjiga na lafawa wata na tasowa ba ta farfaɗo ba.

Mutanen gidan sun yi abin da aka koya musu. Amma a ajin akwai wasu da ba a koya musu ba, kafin uwar ta dawo daga neman uban wata tsohuwa da kyakkyawar niyya ta ɗura mata ruwan rubutu. Da kwalekwale aka fitar da ita, sannan babur, har babban asibiti, inda allurar dayazifam ta tsayar da jijjigar. Bayan kwana biyu zazzaɓi da tari suka biyo baya, ruwan da aka ɗura ya bi hanyar iska ya sauka a huhu. Ta yi kwanaki a gadon asibiti. Irin wannan doguwar jijjiga tana kisa, tana kuma ƙara wa ƙwaƙwalwa rauni. Uwar ta ce tun daga lokacin haddarta ba ta zama kamar da, sai ta maimaita aya sau da yawa.

Abu biyu wannan ya nuna. Koyar da gida ɗaya bai isa ba, don mai farfaɗiya ba a gida kaɗai take faɗuwa ba. Bayan ruwa ya janye, liman ya yi maganar a masallaci, mu kuma muka riƙa yi wa mata ranar awo da ranar rigakafi. Na biyu, a wuri irin namu ba rashin na'ura ne babban abin tsoro ba, yankewar ƙwaya ne.

Shekarar 2023 ta sake gwada wannan. A farkonta ƙarancin takardun kuɗi ya sa uban yana da shinkafa amma ba shi da abin biyan kemis. Daga ƙarshen Mayu aka cire tallafin man fetur, kuɗin mota zuwa Kano ya haura, magani ma ya yi tsada. Sai uban ya fara raba ƙwaya biyu don ta kai ƙarshen wata, gajerun layuka suka dawo bango. Bai faɗa ba sai da aka ƙirga ƙwayoyin da suka rage aka ga sun yi yawa. Ba a yi masa faɗa ba, mutum ne da ke zaɓe tsakanin taki da magani. Aka nemo irin maganin na wani kamfani mai rahusa mai lambar NAFDAC, likita ya amince, aka tsaya a kan iri ɗaya ba a canjawa, aka kuma rage zuwa Kano, mu muke duba ta duk wata muna sanar da likita ta waya.

A ganina nan ne gyaran yake. Likitocin ƙwaƙwalwa kaɗan ne ƙwarai a ƙasar nan, kuma a manyan birane suke. Tun 2008 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fito da tsarin da ke koya wa ma'aikatan matakin farko gane farfaɗiya da kula da ita, a 2022 kuma ƙasashen duniya suka amince da shirin shekara goma kan farfaɗiya da sauran cututtukan jijiyoyi. Asibitin Malam Aminu Kano tare da Jami'ar Vanderbilt ta Amurka sun yi bincike a Kano da Zariya da Kaduna kan horar da ma'aikatan lafiya na al'umma su kula da yara masu wannan ciwo. In ana iya ajiye maganin tarin fuka a ƙaramin asibiti a riƙa bin mai sha har gida, ba na ganin abin da zai hana a yi wa wannan haka.

Maganar aure da inda ake yanzu

Da ta kai shekara 17 manemi ya fito daga wani gari. Uban ya so a yi shiru, har ya kawo shawarar a tsayar da ƙwayar kafin biki, tunda ta daɗe ba ta faɗi ba, kada dangin miji su gani su yi tambaya. Wannan shi ne tarkon da ya fi kama 'yan mata masu wannan ciwo. Amarya ta tare a baƙon gida, ga gajiyar biki da rashin barci, ba magani, sai ta faɗi a gaban murhun uwar miji, a ce an yi musu rufa-rufa, a sako ta. Uwar ce ta tsaya, ta ce wa mijinta, "Malam, na ga abin da mako ɗaya ya yi. Ba da ni ba."

Aka faɗa wa manemin gaskiya. Shi ya so ya ci gaba, iyayensa suka ƙi, suka ce za ta haifa musu masu irin ciwon. An yi musu bayani cewa nata daga tabon zazzaɓi ne ba gado ba, ba su karɓa ba. Ta yi kuka sosai, ta yi makonni ba ta son fita, muka sa ido kada damuwar da ta taɓa yi ta dawo.

Duk da haka an yi mata bayanin da ya kamata duk budurwa mai farfaɗiya ta ji tun kafin aure. Yawancin mata masu ciwon suna haihuwa lafiya suna shayarwa. Ba a yanke magani don an sami ciki, faɗuwa da ciki ta fi haɗari. Ana dai komawa wurin likita tun kafin a ɗauka, a fara shan folik asid, a kuma haihu a asibiti. Akwai maganin farfaɗiya da ake kira Epilim wanda ake guje wa ba mata masu shekarun haihuwa saboda yana iya illata ɗan da ke ciki, don haka kada ta yarda wani ya musanya mata nata da shi a kemis. Nata kuma yana rage ƙarfin ƙwayar tazarar haihuwa da ashanar da ake sawa a hannu, sai an zaɓa mata wata hanya in buƙatar ta taso.

Ba ta ƙara babbar faɗuwa ba tun ta ambaliya, ƙura idon ma rabonta da shi tun da aka daina raba ƙwaya. Ga wasu masu ciwon, in an shekara biyu ba faɗuwa likita kan duba yiwuwar janye magani a hankali cikin watanni. Ita likita bai yarda ba tukuna, saboda ciwon da ya samo asali daga tabo ya fi saurin dawowa. Tana azumi, ana ba ta ƙwayar da sahur da bayan shan ruwa bisa shawarar likita, da sharaɗin ta sami barci. Tana saƙar hula da hannun dama, tana riƙe ƙyallen da na hagu. Yatsu biyu na hannun hagun sun manne sun lanƙwashe, sai an yi tiyata za su miƙe, uban ya ce sai ya ga abin da girbi ya bayar. Firamare dai ba ta koma ba, ta ce ta yi girma da zama cikin yara, ana neman mata ajin yaƙi da jahilci na mata a gari na kusa. Duk shekara kafin watan Agusta ana sayen maganin wata uku a zuba a robar da ke rufuwa gam, rabi a wurin uwar, rabi a ajiye a asibitinmu.